Lokotoro, in ajiye ƙwaya in koma zogale?

Tambaya: Assalamu alaikum Lokotoro. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekarata 54, sana'ata wake da hatsi. Wata huɗu da suka wuce na je asibiti saboda jiri da yawan fitsarin dare, aka ce tansiyona 17 kan 10, sugana kuma 1,60 da safe kafin in karya. Aka ba ni ƙwayoyi iri biyu, wai shansu har abada. Ni kuwa ban saba ba, marigayi mahaifina ya haura tamanin bai taɓa haɗiyar ƙwaya ba. Na ji an ce kuna cikin likitocin da ke gyara mutum da abinci da motsa jiki. Shin zan iya ajiye ƙwayoyin in koma zogale da tafarnuwa da soɓo? Akwai kuma wani mai magani da ke zagayawa da lasifika ranar kasuwa, ya ce nasa yana kashe suga cikin kwana arba'in.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da amsar a gajarce, don kada ka karanta rabi ka tafi da abin da ban ce ba: kada ka ajiye ƙwayoyin nan yanzu. Abin da aka gaya maka a kaina gaskiya ne, sai dai rabinta aka kawo maka. Aikina duba manya ne, cututtukan cikin jiki waɗanda ba a sa musu wuƙa, wato zuciya da ƙoda da hanta da huhu, suga da hawan jini. Kuma haƙiƙa duk wanda ya zauna gabana, na fi daɗewa ina tambayarsa abin da ya ci jiya da inda ƙafarsa ta taka fiye da yadda nake daɗewa kan takardar magani. Amma ban taɓa ɗaukar abinci da ƙwaya a matsayin kishiyoyin da sai an saki ɗaya sannan ɗaya ta zauna ba.

Mu duba lambobin da ka kawo, tunda kai mutumin lissafi ne. Abin da muke kira 17 kan 10 a nan, in ka tsallaka Jibiya ko Katsina za su rubuta maka 170 kan 100. Abu guda ne, sifili kawai suka ƙara. Hawan jini yana farawa daga 14 kan 9, idan an auna a ranaku daban-daban aka same shi nan ko sama. Suga kuma, in awon safe kafin karyawa ya kai gram 1,26 a lita, aka sake aka tabbatar, to ciwon suga ne. Naka 1,60. Da a ce 14 da rabi kan 9 ka kawo mini, ba suga, ba ciwon ƙoda, da sai in ce je ka gyara tukunya da tafiya, mu haɗu bayan wata uku, ban rubuta maka komai ba. Ina yin haka sau da yawa. Amma 17 kan 10 a jikin da suga ya riga ya shiga, wannan rufin soro ne ya tsage ga hadari ya haɗo. Tokara ake fara sawa, sannan a zauna maganar yaɓe.

Ciwon nan biyu ba sa ihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna ɗauke da shi ba. Mutum yana jin kansa garau yana ciniki, ranar da zai ji kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko ƙoda ta gaji har sai an riƙa ɗora shi kan na'urar wankin jini sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama. Shi ya sa "ai na ji sauƙi" ba ta cikin abin da nake rubutawa a matsayin awo.

Maganar Baba kuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, ita ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma ni ma da ita nake kafa tawa. In irin iyayenmu ne na wancan zamani, ka tuna yininsa. Da damina yana gona da hauya tun rana ba ta fito ba. Da rani ya gangara gulbi aikin lambu, ko ya bi bayan jaki a ƙasa har kasuwar Tibiri ya dawo. Furarsa hatsi ce da nono, ba wanda ke zuba mata suga. Miyarsa kuka ko kuɓewa ko yakuwa, da daudawar batso. Nama sai ranar suna ko Sallah, shinkafa kuwa abincin biki ce. To ajiye naka yinin kusa da nasa. Zan zana shi yadda na saba ji daga bakin ƴan kasuwa, in na yi kuskure ka gyara. Bayan asuba shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi. Daga ƙofar gida mota ko babur har ƙofar shago. A zauna kan kujera, yara ne ke ɗaga buhu, kai waya ce a hannunka. Da azahar shinkafa mai ninƙaya cikin mai, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar buta ta hau gawayi, zagaye uku. Bayan isha a biya wurin mai tsire, a dawo gida ƙarfe goma a tarar da tuwo, wanda ba a isa a bar shi ba don kada ran mai girki ya ɓaci. Kai da Baba kun haɗa jini, amma ba ku haɗa yini ba.

Kada kuma mu yi wa zamanin da ado fiye da kima. Sa'o'in Baba nawa aka ce iska ta buge su a hanyar gona, ko an yi musu jifa, alhali shanyewar ɓarin jiki ce irin ta hawan jini? Ba a auna ba ne kawai. Wanda ya kai tamanin shi ya zauna a bakinmu.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato tukunya. Farkon fara aikina ina raba wa marasa lafiya wata takarda da aka buga da Faransanci, mai jerin abin ci da abin bari. A ciki har da cuku da ganyaye da kifin teku waɗanda ni kaina ban taɓa gani a kasuwar Maradi ba. Wani dattijo ya dawo bayan wata biyu, tansiyonsa yana nan inda na bar shi. Ya zaro takardar daga aljihun gaba, a ninke huɗu, tsaf, ko datti ba ta yi ba. Na ce, Baba, an bi kuwa? Ya dube ni ya ce, "Lokotoro, ni tunda nake ban taɓa sa hannu a tukunya ba, abin da aka ajiye mini shi nake ci." Kunya ta kama ni. Daga ranar na daina rabon takardar, na koma cewa a zo mini da mai girki.

In Hajiya ta zo, ba na tambayarta ko tana sa gishiri da yawa, don ba macen da za ta ce e. Cewa nake, Hajiya, miyar jiya da dare dunƙule nawa kika murza, mutum nawa suka ci? Sai ta ƙirga da yatsu: shida, takwas, wani gidan goma, ban da gishirin da aka ɗebo da hannu, ban da kanwa. Dunƙulen nan da muke kira magi, ko wane kamfani ya yi shi, kusan rabinsa gishiri ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa baligi kuwa ƙasa da gram 5 ne a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da na miya da na burodi da na yajin tsire da na kilishi gaba ɗaya. Yajin nan ma ka tambayi mai dakawa abin da ke ciki, za ka tarar da dunƙulen a dake.

A gidan da ke da mata biyu ko uku abin ya fi wuya, don ranar girkin kowacce ranar jarrabawa ce, ba wadda za ta yarda a ce miyarta ce ta yi lami. In ka gaya wa uwargida ita kaɗai, ta rage, amarya ba ta rage ba, ka jawo magana a gidanka kuma ba ka sami lafiya ba. Tara su za ka yi ka ce umarnin likita ne, kuma kai ka roƙa. Sannan ka kama bakinka. Ba zai yiwu ka ce a rage ba, in an kawo kuma ka ɗanɗana ka ture kwano ka aika a sayo balangu. Ba na son a riƙa yi maka ƴar tukunya daban. Ba ta ɗorewa, mako biyu an gaji, kuma ƴaƴanka da ke cin babbar tukunyar su ne masu gadon ciwon. A rage wa kowa, a hankali: wannan mako a cire dunƙule ɗaya, mako mai zuwa a ƙara cire ɗaya, a cike gurbin da daudawa da albasa da tattasai da citta da ɗan tsamin tsamiya. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni, har wata rana ka ci abincin biki ka ji gishiri ya cika maka baki.

Kanwa kuma, mutane ba sa lissafa ta cikin gishiri, alhali sinadarin da ke tayar da jini a gishiri, wato sodiyom, shi ne a cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, ta Najeriya nake nufi ba unguwarmu ta nan ba, suka rubuta yadda masu jego ke zuwa asibiti da zuciya a gajiye, jiki a kumbure, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. A tukunyarka tana shiga ta wake da miyar kuɓewa. In an jiƙa wake tun dare, yana nuna ba sai an jefa masa ita ba.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne wannan. A 2021 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, kan mutum kusan 21,000. Abin da aka canja musu gishirin girki ne kawai, aka ba su wanda aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da gishirin fotasiyom, sinadarin da ke taimakawa wajen sauko da jini. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Ban ce ka je neman irin wannan gishiri ba sai an duba ƙodarka, don mai raunin ƙoda fotasiyom na iya taruwa masa ya taɓa zuciya. Na kawo shi ne don ka ga abin da ɗan yatsan mai girki ke iya yi.

Sai zaƙi. Kofin shayin fada ɗan mitsitsi ne, amma ka taɓa tsayawa ka ga abin da mai haɗawa ke zazzagawa cikin buta, musamman a zagaye na biyu da na uku? Lemon gwangwani guda mai santilita 33 yana ɗauke da suga wajen gram 35, kamar ka jefa dunƙulen suga bakwai a baki. Ga lafiyayye ma shawarar ita ce kada ya wuce gram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Kai da ciwon ya riga ya kama, lemon kwalba da na leda ka yi musu sallama. Shayi ka sa a zuba maka naka kafin a sa suga. Za a yi maka tsiya kwana biyu, daga baya wani ma zai ce a zuba masa irin na Alhaji. Zuma da dabino da rake da mangwaro kuwa, ana yawan ce mini ai waɗannan na Allah ne. Na Allah ne, amma jini bai san bambancin zaƙin zuma da na buhu ba. Dabino biyu ko uku ba laifi, mangwaro guda bayan abinci ba laifi. Zama gaban tire lokacin da ya yi araha shi ne laifin.

Ba na hana fura, don wanda ya hana Bamaraɗe fura ya san ba za a bi maganarsa ba. A dama ta da nono mai yawa, ba suga, a sha da ludayi a ƙirge, ba a ajiye ƙwarya gefe ana kurɓa har la'asar ba. Abin da aka niƙa lukui aka dama yana rigan wanda ake taunawa shiga jini, shi ya sa kunu da koko suka fi tuwo saurin tayar da suga. Hatsin da ba a surfe shi ƙal ba ya fi, don dusar nan da muke ba awaki ita ke rage wa suga gudu. Abin da ya fi ba ni dariya a wasiƙarka shi ne sana'arka. Kai ne ke loda wake mota-mota ana tsallakawa da shi Najeriya, yaushe rabon da a dafa shi a gidanka ba don an rasa abin dafawa ba? Wake yana riƙe ciki, yana shiga jini a hankali, ga fotasiyom. In za a yi shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar. Kwanonka kuma ka raba shi da ido: rabi ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji ko salak, sauran rabin a raba tsakanin tuwo ko shinkafa da wake ko kifi ko nama. Malmala ɗaya, ba biyu ba, kuma a ci da wuri, ba a ci a faɗa gado ba.

Ka ga zogale ya shigo, amma ta ƙofar abinci. Ganye ne mai albarka, ka ci kullum in ka samu, sai dai ba shi da ƙarfin da zai sauko da 1,60 shi kaɗai. Tafarnuwa ma haka, ɗan abin da take yi kaɗan ne. Soɓo an gwada shi: a 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutane kofi uku a yini har mako shida, lambar sama ta sauka da kimanin 7 a lissafin Katsina, wato bai cika ɗaya ba a namu. Kuma nasu ba suga a ciki, ba irin na leda da yara ke talla ba. To yi lissafi da kanka. Kana 17, inda muke so mai suga ya tsaya ƙasa da 13 kan 8 ne. Rage gishiri yakan ba da wajen rabin lamba. Tafiya kullum wajen rabi. Kowane kilo goma da mutum ya sauke, wajen lamba guda. Ka haɗa su duka, in an yi sa'a ka sauko 15. Riba ce babba, amma ba ta biya bashin duka ba. Cikon nan shi ƙwaya ke yi.

Tafiyar da nake nufi minti 150 ce a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Wahalarta a garin nan ba a ƙafa take ba, a idon mutane take. Wani Alhaji da na sa tafiya ya dawo yana ba ni labari: bai yi nisa da gida ba mutum uku suka tsaya da mota, ɗan kabu-kabu ya ce hau kyauta, washegari kuma aka fara raɗe-raɗin ko karayar arziki ce ta same shi. Dabarar da muka yi, ya koma sallar asuba a masallacin da ke nesa da gidansa, ya dawo ta doguwar hanya. Ba mai tambayar wanda ya fito masallaci ina motarsa. Lokacin ma shi ya fi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40. Bayan abincin dare kuma ko minti goma ka taka a ƙofar gida, yana rage hawan da suga ke yi. A shago, duk sa'ar da ka tashi duba kaya da kanka maimakon aiken yaro, riba ce.

A 2002 wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da suga ya nuna cewa waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka riƙe tafiyar nan ta minti 150, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan ƙwayar suga mai suna metfomin kuwa da kashi 31. Wanda ya fi shafarka shi ne na Birtaniya a 2017, kan waɗanda ciwon bai wuce shekara shida da kama su ba. Da aka sa su rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawa, kusan rabinsu sugansu ya koma daidai ba magani bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 cikin ɗari. Kai wata huɗu ke nan da gano naka, wato kana cikin lokacin da ƙofar ta fi buɗewa. Tumbin da ake yi wa kirari da alamar hutu, kitsen da ke cikinsa shi ke lulluɓe hanta ya hana insulin, sinadarin da ke sauko da suga a jini, yin aikinsa. Ga awon da ba ya cin ko dala: ka sami igiya ka auna tsayinka daga kai zuwa ƙafa, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, akwai aiki.

Mai lasifika kuma. Ni ba na raina itace, don kantin magani cike yake da jikokinsa. Metfomin, wadda ita ake fara ba mai suga irin naka, asalinta daga wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, ya fara gwada ta kan masu suga a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani tsiro dangin tazargade aka ciro shi, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Bambancin ƙwaya da jarkar mai lasifika awo ne. Na san abin da ke cikin ƙwaya, na san nawa ne, na san abin da za ta yi wa ƙoda. Jarka kuwa ta yau daban, ta mako mai zuwa daban, kuma a ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da maganin asibiti a dake a ciki, sai mutum ya sha biyu bai sani ba, suga ya faɗi warwas ya suma. Kalmar "kashewa cikin kwana arba'in" ita kanta ta isa ta sa ka riƙe aljihunka.

Akwai waɗanda suka fi jarkar yi mini ɓarna, su ne ƙwayoyin ciwon jiki na masu tallar magani a tire ko bayan keke. Dikulofenak da ibuforofen, in ana shansu kullum don gajiya, suna tayar da jini suna cin ƙoda. Deksametazon da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓɓai yana haura da suga. In jiki ya yi tsami, farasitamol ya fi maka aminci. Taba kowace iri, ta hayaƙi ko ta leɓe ko shisha, babu ragi a kanta, bari ne. Goro ka rage, kada ya wuce la'asar. In kuma Hajiya ta ce kana minshari har numfashi ya ɗauke ka farka a firgice, ka gaya wa likitanka, don wannan kaɗai yana hana jini sauka.

Wata magana da maza ba sa faɗa sai sun kai bakin ƙofa za su fita: da yawa suna barin maganin tansiyo ne don sun ji an ce yana rage ƙarfin namiji. Gaskiyar ita ce suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙananan jijiyoyin da wannan aiki ya dogara a kansu. Akwai wasu magungunan da ke iya taɓa shi, akwai da yawa da ba ruwansu. In ka ga canji ka faɗa, a musanya maka, kada ka bari a ɓoye ka koma wa masu maganin maza. Haka in metfomin ta dama maka ciki, a sha ta tsakiyar abinci. In amlodifin, ƙwayar tansiyo, ta kumbura maka idon sawu, akwai gyara. Ita amlodifin ɗin, wani bincike da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida ya nuna a 2019 cewa haɗin da take ciki ya fi sauko da jinin baƙar fata.

Kalmar "har abada" da ta tsaya maka a rai, ni ba haka nake faɗinta ba. Ga cinikin da nake yi da irinka. Ka ba ni wata uku kana shan maganin ba fashi, kana gyaran tukunya da tafiya. Ka sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ka buɗe mata littafi kamar na bashi. Safe da dare, ka zauna minti biyar ka huta, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba bayan shayi ko goro ba, ka auna sau biyu ka rubuta. A yi maka awon ƙoda na jini da na fitsari, a duba bayan idonka, a riƙa duba tafin ƙafarka, a kuma yi awon suga na wata uku wanda ake rubutawa HbA1c, shi ba a yi masa wayo da yunwar kwana ɗaya. In lambobi sun sauka sun zauna, ni da kaina zan fara ragewa, rabi-rabi, muna kallon littafin. Na sha cire wa mutane maganin suga ta wannan hanya. Na tansiyo ya fi taurin kai, akasari ana komawa ƙwaya ɗaya ƙarama a zauna a nan, wanda kuma aka cire masa duka ba ya daina awo, don ciwon kwanciya yake yi, in tumbi ya dawo shi ma ya tashi.

Kafin azumi da wata guda ka je a daidaita maka lokutan sha, musamman in cikin ƙwayoyinka akwai gilibenkilamid ko danginta, masu iya kayar da suga da rana tsaka. In kana azumi ka ji rawar jiki da zufa mai sanyi, ko awo ya nuna ƙasa da 0,70 ko sama da gram 3, ka karya. Huda yatsa don awo ba ya cikin ci ko sha, ka tambayi malaminka ya ƙara maka bayani. In kuwa wata rana baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya danne kamar an ɗora buhu, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa shafa ko turare, asibiti za a nufa a lokacin.

Ranar da za ka koma wurin likitanka, ka tafi da kwalayen maganin su kansu, don "fara ƙarama da ja doguwa" ba ta gaya mana komai. In ka riga ka sayi jarkar mai lasifika, kada ka zubar kuma kada ka ɓoye, sa ta a leda ka kai a gani, tare da duk wani saiwa ko gari da ake jiƙa maka a gida. A gaida su Hajiya, a ce ina jiran lissafin dunƙulen miyar daren yau.